Likita ya ce mu zo duk gidan, maigidana ya ce ba shi ba Yaba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Daga Agege nake rubuto miki, kuma hankalina ba a kwance yake ba.

'Yata ce ta fari, shekararta 16. Tun da sakamakon JAMB ya fito ta daina zuwa Islamiyya, kitso ma sai da faɗa, abinci in na aika ƙaninta da shi haka zai dawo da kwanon a rufe. Da rana barci, da dare ido biyu. Na ɗauka taifot ce, har ruwa aka ƙara mata. Sai ranar Laraba ina kakkaɓe katifa na ga littafinta, a bangon baya ta rubuta wai ita kaya ce a gidan nan, gara babu ita.

Kodayake abin ya girmi JAMB. Babansu acaɓa yake yi da, har gwamnatin Legas ta hana a wasu sassan garin a watan Yunin 2022, ya koma sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Kafin asuba ya fita, ya dawo yana huci. A cikin wannan halin ya ƙaro aure, a gidan haya ɗaki biyu! Amaryar ba ta da aiki sai kiran yarinyar nan raguwa, shi kuma ya hau kai ya zauna, har ya ce kuɗinsa ya ƙone a banza. A gabanta fa.

Af, ban faɗa miki mun ga likita ba. Maƙwabciyata Bayarabiya, nas ce, ita ta raka mu. Ya ce ciwon damuwa ne, cuta ce kamar hawan jini kuma ana warkewa. Ya ce in kwashe magunguna da maganin ƙwari daga ɗaki, kar a bar ta ita kaɗai. Ya tura mu sashen yara da matasa na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, shi sashen a Oshodi yake. Wai ba ƙwaya kaɗai ba, za a riƙa zama da mu duka tare da ƙwararre, ba don a nemo mai laifi ba, don mu koyi yi mata magana mu kuma gane alamun haɗari. Har ya tambaye ni yaushe rabon da in zauna hira da ita. Anti, 'yar fari? Ni da ko sunanta ba na kamawa? Haka iyayenmu suka tashe mu, ban kuma taɓa barin ta da yunwa ba.

Babansu na jin Yaba ya ce in ya taka wajen shege yake, wa zai auri wadda aka ce ta je can. Shi a ganinsa iska ce, a kai ta Funtua wajen Hajiyarsa a yi rubutu da ruƙiya, bayan Sallah a aurar. Ni ban ƙi addu'a ba, kullum ina tofa mata. Na san dai wa ke zuga shi.

To in na ɗauke ta mun tafi ba da izininsa ba, na yi zunubi? Kuma zaman zai yi amfani in babu uban? Sannan Anti, dole ne sai da matar nan? Don wallahi ba zan buɗe cikina a gabanta ba, gobe in ji shi a bakin famfo.

Taki,
Wata uwa daga Agege