Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarinmu Kan Daulolin Sarakuna Masu Wuƙa da Nama

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda muka amince a babban taron bara, bana ƙungiyarmu ta masu nazarin tarihi ta tsaya kan jigo ɗaya: yadda daulolin da sarki shi kaɗai ke da ta cewa suka bunƙasa tsakanin ƙarni na 16 da na 18, da abin da ya durƙusar da su.

Zaman Sifaniya ne ya fi cika, har kujeru suka ƙare aka shimfiɗa tabarmi. Wani dattijonmu, tsohon malamin makaranta, ya baje taswira a ƙasa yana bin hanyar azurfa da yatsa, daga dutsen Potosi na Kudancin Amurka da aka gano a 1545 zuwa tashar Sevilla ta Sifaniya, daga nan ta zarce hannun masu ba da bashi na birnin Jenowa da ke Italiya. Duk da wannan dukiya, Sarki Filib na Biyu ya kasa biyan bashi a 1557, ya sake a 1575, ya ƙara a 1596. Yaƙin Holan da rundunar jiragen ruwan da ya tura Ingila a 1588 suka lashe baitulmali. Har aka kira Magariba ana muhawara: laifin sarki ne, ko laifin tsarin da babu mai iya ce masa a'a? Ni dai a matsayina na sakatare, na fi karkata ga na biyu.

Mun ga irin haka a Faransa, inda Luwis na 14 ya mayar da fada Versailles a 1682, ya soke dokar Nantes, wadda ta ba Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta 'yancin ibada, a 1685, Furotesta masu sana'ar hannu suka yi ta ƙaura, ya rasu a 1715 ya bar ƙasa cikin bashi. A zaman daular Usmaniyya ta Turkawa mun tsaya kan shan kashinsu a birnin Biyena na Ostiriya a 1683, muka kuma taɓo jakadun da Mai Idris Aloma na Barno ya aika Santambul, babban birninsu.

Zaman daular Mogul ta Indiya bai yi armashi ba. Damina ta hana mutane zuwa, kuma sakacinmu ne da ba mu ɗage shi ba. Sarkinta Aurangzeb da yaƙe-yaƙensa na yankin Dekan a kudancin Indiya sun cancanci fiye da haka, don haka da su za mu buɗe shekara mai zuwa.

Waɗanda ba su kammala kuɗin wata-wata ba, don Allah a ga ma'aji kafin wannan zama, domin da shi ake buga takardun da muke rabawa.

Sakataren Ƙungiya