Roƙon tallafi: muna neman kayan gwajin kimiyya da sola don ɗiyanmu a Yauri

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa na gida da waɗanda neman abinci ya kai Birnin Kebbi, Sakkwato, Kontagora, Abuja har Legas, da duk wanda ya taɓa zama a bencin makarantar nan tamu ta unguwa a Yelwan Yauri, barkanmu da war haka. Ni ne sakataren kwamitin iyaye da malamai, kwamiti ne ya ɗora min rubutun nan, in na ja zance a yi min haƙuri don abin ya daɗe yana cin mu a rai.

Roƙo muka zo yi. Tsohon siton da ke bayan ofishin hedimasta muke so mu mayar ɗakin gwajin kimiyya, mu sa masa ɗan sola, mu zuba kayan da yaro zai taɓa da hannunsa.

Ga abin da ya tayar da maganar. Zangon da ya wuce mu uku daga kwamiti muka shiga aji 2 na ƙaramar sakandare lokacin darasin kimiyya. Malamin yana ƙoƙari wallahi, ya zana batir a allo, ya ja waya da alli, ya zana kwan fitila har da 'yan layukan haske a gefe. Ya tambayi yara mene ne makamashi, wata yarinya ta miƙe ta zubo amsa da Turanci tiryan-tiryan, cewa ba a ƙirƙirarsa ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama. Muka tafa mata. Sai ma'ajinmu, dattijo ne mai son tsokana, ya ce mata “to 'yata, in na sa wayata caji me ya sa kan cajar yake ɗumi?” Aji ya yi tsit. Alhali amsar tana cikin abin da ta gama faɗa yanzun nan, wani kaso na wutar ne ya koma zafi maimakon ya shiga batir. Ta haddace amma ba a taɓa haɗa mata haddar da abin da ke ɗakin innarta ba. Ba laifinta ba ne, ba kuma na malamin ba, mutumin da alli kawai aka damƙa masa me kake so ya yi?

Bayan sati biyu muka roƙi Baba mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya leƙo. Ya zo da ƙusa ɗaya doguwa, ya naɗa mata siririyar wayar jan ƙarfe, ya jona bakin wayar da batirin tocila mai bolt 1.5, sai ga ƙusa tana ɗaukar allurai kamar maganaɗisu, ya cire batir allurai suka zube. Daga nan ya kifa tsohon kekensa mai dinamo, ɗan injin nan da taya ke juyawa ya ba fitilar keke wuta, ya ce wani yaro ya juya feda, fitila ta kama, yaron ya ƙara sauri haske ya ƙaru, ya gaji ya saki ta mutu. Jama'a ku zo ku ga yara! Har 'yan aji 3 suka cika taga. Yaron nan yana haki ya ce “Malam ashe tuwon da na ci ne ya koma haske?” Malamin ya ce mana a duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa samun tambayar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba. Gani ya kori ji.

Kuma mu 'yan Yauri ya kamata a ce mun fi kowa sanin wannan zance, don a ƙofar gidanmu yake. Madatsar Kainji an fara gininta a 1964 aka gama a 1968, ruwan tafkinta ya taso har ƙasarmu, dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da gungunansu aka sake musu matsuguni, akwai kakanninmu a ciki. Amma tambayi ɗan sakandare yadda ruwa yake zama wutar lantarki ka ji. Wasu sun ɗauka tatsar wutar ake yi daga cikin ruwan kamar yadda ake tatsar nono. Abin da ke faruwa shi ne rana ce take dafa ruwan teku ya tashi tururi ya zama hadari, ya zuba a tsaunukan ƙasar Gini inda kogin Kwara ya faro, ya ratso Mali da Nijar ya shigo Najeriya ta nan jiharmu ta Kebbi ya wuce ta gabanmu, a Kainji a tare shi ya taru ya yi tudu, sai a sake shi ya gangara da ƙarfi ya bugi manyan farfela, farfela su juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, wuta ta fito. Injina 8 aka kafa a wurin, ƙarfinsu a haɗe megawat 760. To dinamon keken Baba da injin Kainji da janaretan mai cajin waya na bakin tasha duk dabara ɗaya ce, abin da ke juya su ne ya bambanta, wannan ƙafar yaro, wancan ruwa, wancan fetur. Wanda ya gano dabarar a 1831 wani Bature ne ɗan Ingila, Michael Faraday, kuma ɗan maƙeri ne, bai yi wani dogon karatun aji ba, a shagon ɗinkin littattafai ya yi yaron shago. Ina faɗar wannan ne saboda masu cewa kimiyya sai ɗan wane.

Ni abin da ya fi damuna ma ba jarrabawa ba ce, duk da ita ma tana nan, yaron da zai rubuta fiziks a WAEC ko NECO akwai takardar gwaji da hannu, kuma wasu sai ranar suke fara ganin mitar awon wuta. Abin da ya fi damuna asarar da muke yi a gida kullum saboda rashin sanin ƙananan abubuwa. Yanzu kowa ya koma sola. Mutum ya sayi batir mai bolt 12 amfiya-awa 100 (100Ah), ka ninka su ka samu 1,200, wato in ka ja wat 1,200 awa ɗaya ya ƙare tas, kuma irin batirin nan mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Kwan fitila na zamani mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon kwai mai zare na wat 60, don shi tsohon yawancin wutarsa a zafi take tafiya, shi ya sa ba ya taɓuwa. Amma dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye. Sai uwargida ta jona dutsen guga a inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, kafin ta gama goge kayan makarantar yara batir ya faɗi, maigida ya dawo yana zagin wanda ya haɗa masa sola wai ya cuce shi. Ni kaina na yi wannan zagin, daga baya na je na ba mutumin haƙuri. Haka ƙurar hunturu in ta rufe faifan sola, hasken da ya kamata ya shiga ne take tarewa, tsumma da ruwa kaɗan sun isa, amma sai ka ga an kira mai gyara an biya shi.

Akwai wanda ya fi asarar kuɗi. Siririyar waya in aka ɗora mata kaya masu nauyi zafi take yi har robar ta narke, daga nan gobara. Fiyus an yi shi ne don ya tsinke kafin a kai ga haka, mu kuma in ya tsinke sai mu naɗa masa waya mai kauri mu ce mun gyara. Hayaƙin janareta akwai wata iska a cikinsa da ba ta da launi ba ta da wari, in aka kunna shi a ɗaki ko a soro aka rufe ƙofa mutum barci kawai zai ji, ba zai farka ba. Allah Ya kiyaye mu. Yaron da aka nuna wa waɗannan a makaranta shi zai hana babansa.

Kar a ɗauka wai komai daga waje za a kawo mana. Jigon da kakanninmu suke ban ruwa da shi a fadama darasi ne sukutum a kan yadda doguwar sanda da nauyi a gindinta suke rage wa mutum wahalar ɗaga guga. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe, kuma in zai bushe sai ya kwashi zafi ya tafi da shi, kamar dai gumi a jikin mutum. Da wannan sanin kaɗai wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Ga kwale-kwale a bakin ruwa, me ya sa yake ɗaukar buhunan shinkafa bai nutse ba amma tsakuwa ɗaya ta nutse, kuma a ina lodi yake wuce ƙa'ida? Ɗan Yauri bai kamata a ce bai san wannan ba.

A zaman kwamiti an yi gardama, ba zan ɓoye ba. Wata Hajiya daga cikin iyaye mata ta ce benci bai ishi yara ba, rufin aji 1 yana yoyo, ina mu ina ɗakin gwaji? Gaskiya ta faɗa. Abin da muka tsaya a kai shi ne kuɗin da iyaye suke bayarwa duk zango ba za a taɓa shi ba, na benci da kwano ne, wannan kuwa da abin da kuka taimaka kaɗai za a yi shi, in bai kai ba mu yi iya inda ya kai.

Abin da malamin kimiyya ya rubuto mana: faifan sola 2 da batir 1 da ƙaramar inbata da na'urar daidaita caji, a kafa su ƙasa-ƙasa inda yara za su ga yadda aka jona ba a ɓoye a silin ba. Mitar awon wuta ko da 6 ce don a raba yara rukuni-rukuni. Maganaɗisu, wayar jan ƙarfe, ƙananan kwan fitila, makunni, baturan tocila, madubai da gilashin ƙara girma, ma'aunin zafi, sikeli, teburi 4 masu ƙwari, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo saboda kun san hali. Ban sa farashi a nan ba da gangan, kayan sola yau kuɗinsu daban gobe daban, takardar kiyasin tana manne a ofishin hedimasta kuma duk sati muna sabunta ta.

Wanda ba shi da kuɗi kar ya ce ba da shi ake ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matacciyar fanka, tsohuwar rediyo, lasifikar da ta fashe, cajar da ta daina aiki, dinamon keke, duk muna so, don cikin lasifika akwai maganaɗisu, cikin fanka akwai naɗin waya, yara za su kwance su gani. Kafinta ya ba mu yini ɗaya, mai walda ya haɗa mana ƙofa, masu haɗa sola su zo su kafa a gaban yara suna bayani. 'Yan uwanmu da ke koyarwa ko karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, in kun zo hutu ku ba mu awa biyu ta ranar Asabar. Malamanmu sun sha gaya mana ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutum ya kwanta dama, to ga ƙofa.

Kuɗi a kai wa ma'ajin kwamiti a makaranta daga Litinin zuwa Alhamis kafin a tashi, a karɓi rasit, ko naira 200 ce sai an rubuta. Ba mu aiki kowa gida-gida ba, duk wanda ya zo muku da sunanmu ba rasit mai hatimin makaranta kar ku ba shi. Na nesa ku aiko ta hannun ɗan uwan da kuka yarda da shi ya karɓo muku rasit. Ƙarshen kowane wata za mu karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a taron iyaye, wanda ba ya son a ambaci sunansa ya faɗa tun farko.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mayar da ninkin abin da aka bayar, Ya shirya mana zuri'a. Asabar mai zuwa da ƙarfe 10 na safe Baba mai rediyo zai dawo, ya ce zai kwance fanka ya nuna wa yara abin da ke juya ta, kuma har yanzu fanka ɗaya kawai muka samu, don Allah wanda yake da matacciya a sito ya turo yaro da ita kafin ranar Juma'a.

Wassalam,
Sakataren kwamitin iyaye da malamai, a madadin kwamiti.