Wasiƙa daga Garwa zuwa ga ɗana da ya kama aiki a Duwala

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso cewa kamfanin ya tabbatar da kai bayan watannin gwaji, kuma an sa ka a sashen da ke ba kamfanoni shawara kan gudanarwa da tsarin kwamfuta. Mahaifiyarka ta yi sadakar masa ranar Juma'a. Allah Ya sa albarka, Ya sa ka shiga a sa'a.

Kwamfuta dai kai ne malaminta, abin da ka karanto a Jami'ar Ngaundare ke nan. Amma ni na yi rayuwar aikina a ɗaya gefen teburin. Ni ne akantan da ake turo wa masu ba da shawara, in buɗe musu littattafai, in amsa tambayoyinsu, su tafi su bar mu da abin da suka kafa. Na san yadda ake kallonku idan kun shigo, na kuma san abin da ake faɗa idan kun fita. Shi nake so ka ji daga bakina.

A wurin da na yi aiki an taɓa kawo wasu masana don su sa mana manhajar lissafin kaya da kuɗi. Masu ilimi ne, ba na musun wannan. Sun zauna da darakta, sun zauna da mu shugabannin sassa, suka rubuta rahoto mai kauri, aka biya su. Sito kuwa, inda kaya ke shiga da fita, ba su taka shi ba sai ranar da suka je ajiye kwamfuta. Ba su san direbobi kan iso da dare bayan an tashi aiki, mai kula da sito ya karɓi kaya da tocila ya rubuta a littafi ba. Ba su san kaya iri ɗaya yana da suna uku ba, ɗaya a takardar mai kawowa, ɗaya a littafin sito, ɗaya a bakin 'yan dako. Manhajar kuma ba ta motsi sai da wuta da intanet. Ka san halin Arewa: wutarmu ta dogara ne da madatsar Lagdo tun 1982, kuma in ruwa ya ja baya da bazara sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Kafin damina ta faɗi kowa ya koma littafinsa, kwamfutar tana gefe an lulluɓe ta da zane saboda ƙura.

Bayan wasu shekaru aka turo wani matashi, shekarunsa ba su fi naka ba. Kwanakinsa na farko a sito ya yi su. Yana zaune a kan buhu, yana kallon yadda ake sauke mota, yana tambayar mai kula da sito dalilin kowane layi da ya ja a littafinsa. Da ya zo kafa tsarinsa sai ya yi shi yadda za a iya shigar da kaya ko babu intanet, in ta dawo bayanan su wuce. Ya bar littafin takarda yana tafiya tare da kwamfuta har mutane suka saki jiki, sannan ya koya wa mutum biyu gyaran ƙananan matsaloli don kada a riƙa jiransa. Har na yi ritaya da tsarinsa ake aiki. Mai ɗori na kirki sai ya lalluba ƙashi ya ji inda ya karye kafin ya ɗaure karare, kuma haka yaron nan ya yi mana.

Don haka ga ma'aunin da nake so ka riƙa auna kanka da shi. In ka bar wuri da wata shida, mutanen suna amfani da abin da ka kafa, ko sun koma yadda suke? Yabon darakta ranar miƙa rahoto ba ya amsa wannan tambayar. Ka riƙa buga waya ga mai kula da sito da mai karɓar kuɗi bayan an gama biyanku, ko da maigidanka bai ce ka yi ba. A bakinsu za ka ji ainihin darajar aikinka.

Ka sani kuma, ranar da ka shiga kamfani da kwamfuta a hannu, akwai waɗanda gabansu zai faɗi. Wani yana tsoron na'ura za ta raba shi da abincinsa. Wani dattijo ne, yana jin kunyar a ga bai iya danna maɓalli ba a gaban yaran da ya haifa. Wani kuma, ba za a rasa ba, yana da abin da ba ya so lissafi ya tono. Dukkansu fuska ɗaya za su nuna maka, su ce to, su ƙi yi. Aikinka ne ka bambanta su, kuma ba a bambanta su daga ɗakin taro. Ka gaida mutane gaisuwa ta sosai, ka tambayi iyali, ka ci abinci inda suke ci. Kada ka gyara wa babba kuskure a gaban na ƙasa da shi. Ka same shi shi kaɗai. A nan Allah Ya ba ka abin da yawancin abokan aikinka ba su da shi: kana jin Hausa da Fulatanci, kana ɗan taɓa Larabcin Cadi. Abin da ma'aikaci zai ɓoye da Faransanci zai faɗa maka da harshen gida. Kada zaman Duwala ya sa ka ji nauyin amfani da su.

Game da ilimi, shawarata ita ce ka koyi lissafin kuɗi kamar shi ka karanta. Duk manhajar da za ka kafa wa kamfani, ko Sage ce, ko Odoo, ko SAP ta manyan kamfanoni, ƙarshenta a littafin akanta take tsayawa. Ka san SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni na ƙasashen OHADA, ciki da waje, musamman wanda aka sabunta ya fara aiki a farkon 2018. Ƙasashe 17 ne ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, har da Kamaru da Cadi da Nijar, saboda haka abin da ka ƙware a kai a Duwala zai yi maka aiki a Njamena da Yamai. Ka san yadda harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, na kashi 19.25 cikin ɗari yake shiga da fita a lissafi, da abin da ake zuba wa ma'aikata a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. In ka san waɗannan, akanta zai ɗauke ka abokin sana'a. In ba ka san su ba, zai ɗauke ka mai gyaran kwamfuta, ya bar ka da wayoyi. Kada kuma ka raina manhajar Excel. Yawancin wuraren da za a tura ka, bayanansu a nan suke a hargitse, suna ɗaya an rubuta shi iri-iri, kuma tsabtace su shi ne rabin aikin, ko da yake ba wanda ke yabon mai yin sa.

Ka yi mini maganar takardun ƙwarewa. Suna da amfani, domin masu ba da kwangila suna duba su, amma da kuɗin waje ake biya, kuma ba a tara su don ado. PMP ta gudanar da ayyuka tana neman mai digiri ya yi shekara 3 yana jagorantar aiki. CISA ta binciken tsarin kwamfuta ita ma sai da shekarun aiki. Saboda haka babu gaggawa. Ka bari aiki ya nuna maka inda hannunka ya fi faɗawa, sannan ka nemi takardar wannan fannin, ka kuma tambayi kamfaninku ko suna ɗaukar wani kaso na kuɗin. Abin da ba zai jira ba shi ne Turancin Ingilishi, don yawancin littattafan sana'arku da shi ake rubuta su, ga kuma Najeriya a maƙwabta. Sai rubutu. Darakta ba shi da lokacin shafi hamsin. Ka iya faɗa masa a shafi ɗaya mene ne matsalar, nawa take ci masa, me za a yi, wa zai yi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Sana'ar nan taka ta shiga asirin mutane ce. Za ka ga albashin kowa, ka ga bashin da ke kan kamfani, ka ga farashin da suke sayo kaya wanda abokin gasarsu zai biya kuɗi mai yawa don ya sani. Abin da ka gani a wani gida ba ya bin ka zuwa wani gida, ba ya zuwa majalisar abokai, ba ya zuwa nan wurinmu. Ko ni na tambaye ka, kada ka faɗa mini. Kada ka kwashi bayanan mutane a wayarka ko ka tura su ta WhatsApp don sauƙi. Ƙaninka ya nuna mini manhajojin nan da ake yi wa tambaya su rubuto amsa. In kana amfani da su, kada ka zuba musu lissafin wanda ya ba ka amana. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2010, amma tun kafin doka ta kama mutum, sunansa ya riga ya zube, kuma masu kamfanoni sun san juna.

Jarrabawar za ta zo maka da fara'a. Mai sayar da manhaja zai ce in ka ba da shawarar a sayi tasa, akwai kasonka. Daga ranar da ka karɓa ka zama dillalinsa, alhali wanda ya ɗauke ku aiki yana zaton shawara tsakani da Allah kake ba shi. Wani attajiri zai ce ka tsara masa lissafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na masu haraji. Wani a kwangilar gwamnati zai ce ka sa hannu cewa an kawo kwamfutoci alhali kwali ma ba ka gani ba. Ka ƙi, cikin ladabi, ba tare da wa'azi ba, ka kuma sanar da maigidanka a rubuce. Za ka rasa wasu ayyuka saboda haka, kuma zai yi maka ciwo a lokacin, musamman in ka ga wanda ya karɓa ya sayi mota. Na fi son in ji ana cewa ɗana yana da taurin kai da in ji ana cewa yana da farashi. In kuma ka gano ɓarna a lissafi, kada ka yi shelarta, kada kuma ka binne ta. Ka kai ta ga wanda ya ba ku aikin tare da hujja, ka faɗi abin da lambobi suka nuna, ka bar hukunci ga masu shi.

Kowane aiki a rubuta iyakarsa kafin a fara: me za a yi, me ba ya ciki, yaushe za a gama, yaushe za a biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne ka nemi takarda ko daga ɗan uwa. Mutanenmu suna da "ɗan ƙara mana wannan", kuma da ɗan ƙari ɗan ƙari aikin wata biyu ke zama na shekara a kan kuɗin farko.

Na san zuciyarka tana kan buɗe naka. Buɗewar ba ta da wuya, da jarin sefa 100,000 ma ana kafa kamfanin SARL, wato wanda alhakin masu shi bai wuce jarinsu ba. Abin da ke da wuya shi ne samun wanda zai damƙa maka littattafansa, da kuma jure watannin da an gama aiki kuɗi bai fito ba, abin da ya zama ruwan dare a ayyukan hukuma. Ka zauna ƙarƙashin manya tukuna. Ka ga yadda ake sa farashi, yadda ake rubuta takardar neman kwangila, yadda ake fuskantar wanda ya fusata. Wani lokaci za ka yi wahala wani ya miƙa aikin da sunansa. Ka yi haƙuri, amma ka riƙa rubuta wa kanka abin da ka yi a kowane aiki da sakamakonsa.

In lokacin ya yi, ka waiwayo gida. Kamfanin auduga na SODECOTON yana nan Garwa tun 1974, kuma a bayansa akwai ƙungiyoyin manoman auduga masu buƙatar lissafin taki da iri da bashi. Ga 'yan kasuwar da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Duwala, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ta mota zuwa Kusiri, su haye gada su shiga Njamena, da yawansu lissafin dukiyar miliyoyi yana cikin kansu da ɗan littafi a aljihu, ga kuɗi na shigowa ta Orange Money da MTN ba a haɗa su da lissafin shago ba. Ga ƙungiyoyin agaji a Marwa da masu ba su kuɗi ke neman rahoto dalla-dalla. Cadi kuma kuɗinmu ɗaya da su, babban bankinmu ɗaya. Waɗannan mutane ba za su iya biyan farashin manyan kamfanonin Duwala ba, kuma ba za su buɗe cikinsu ga wanda ba su san asalinsa ba. Kai sun san gidanku.

Aikin yana da tafiye-tafiye da kwanan otal, ka tsare sallarka a kan lokaci ko taro ya yi tsawo. In ka faɗa tun farko cikin mutunci, mutane kan saba. Kuɗin da ka ce za ka riƙa aikowa, ka rage shi zuwa rabi a shekarar nan, ka ajiye sauran don karatunka da ranar buƙata. Gonar bakin Binuwai tana riƙe da mu.

Mahaifiyarka ta ba direban da ka sani kilishi da yaji, zai kira ka in ya iso. Ta ce ka nemi gidan sauro, don sauron Duwala ba ya da rani. Kawunka na Marwa yana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ka rubuto mini wurin da za a fara tura ka da kuma irin mutumin da aka haɗa ka da shi. Allah Ya tsare, Ya yi maka jagora.

Wassalam,
Mahaifinka