Wasiƙa ga ɗana a kan hayaƙin tsohuwar mota Fijo 504

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mu nan Mabera lafiya lau, sai dai hunturu ya kankama, da asuba ruwan buta kamar ƙanƙara.

Mahaifiyarka ta ce motar tana turnuƙe gida da hayaƙi da safe, har bakanike ya ce a sauke inji. Kada ka yarda tukuna. Ni ma an taɓa yi mini haka kana firamare. Aka sauke, aka sa sababbin ringi, na biya kuɗin da ya isa abincin gida na wata biyu, gari na wayewa hayaƙin yana nan daram. Ashe robobin bawul ne suka bushe, aikin da bai shafi ƙasan inji ba.

Gobe bayan sallar asuba ka sa wani ya tayar da ita, kai ka tsaya baya ka zuba wa salansa ido. Idan fari ne marar kauri, ya watse nan take, raɓa ce da ta kwana a salansa. Ba komai.

Wanda nake zargi shi ne mai shuɗi-shuɗi, mai warin ƙonannen baƙin mai. Mota irin wannan, haɗin Kaduna, ta sha zafin Sakkwato shekaru da yawa, robobin nan sun taurare. Cikin dare mai yakan zurara ta jikin bawul ya taru a silinda, kana tayarwa ya ƙone gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga hayaƙin ya turnuƙe, bayan minti ɗaya ko biyu ya ɗauke. In haka ne, robobi kawai za a canza. Amma in ka hau hanyar Wurno, inji ya yi zafi, kana taka totur shuɗin yana biyo ka, to nan ne maganar ringi za ta taso. Ko a nan ma, a auna matsin kowace silinda a gabanka kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Da wannan ƙurar, fara da matatar iska, sannan a duba kafireta. Zare filogi ɗaya ka gani: busasshen baƙi kamar gindin tukunya fetur ne, mai danƙo kuma baƙin mai ne.

Wanda ke hana ni barci shi ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ƙarewa, ga ruwan lagireto yana raguwa. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga abu kamar kunun gyaɗa a jikinsa, gasket ɗin kan inji ya ƙone, ka aje ta nan, kada ka ƙara tuƙa ta. Murfin lagireto kuwa, sai inji ya huce sarai.

Don Allah kada ka dumama ta cikin gareji a rufe, kuma ka kau da jikokina daga bayanta. Gubar da ke kashe mutum a hayaƙin nan ba ta da wari.

Ka kira ni gobe da hantsi ka gaya mini launin da ka gani. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.