'Yan Takarar PDP da Alƙawarin Karɓa-Karɓa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in tunatar da masu karatu, musamman matasan da ba su yi wayo ba a 1999, cewa mutum huɗu kacal jam'iyyar PDP ta tsayar a zaɓukan shugaban ƙasa bakwai, daga 1999 zuwa 2023, kuma a ganina yadda ta riƙa fitar da su shi ne ya ɗaga ta, shi ne kuma ya kayar da ita.

A taron Jos na Fabrairun 1999, manyan Arewa sun mara wa Olusegun Obasanjo baya ya kayar da Alex Ekwueme, domin a sanyaya zukatan Yarabawa bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Ina tuna yadda muka raba dare a gindin rediyo muna jiran sakamako. Da Obasanjo ya cika shekara takwas, mulki ya dawo Arewa ta hannun Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007.

Rasuwar 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ranar 5 ga Mayu, 2010, ita ce ta dagula lissafin karɓa-karɓar mulki tsakanin Arewa da Kudu. Goodluck Jonathan ya ƙarasa wa'adin, ya kayar da Atiku Abubakar a zaɓen fitar da gwani na 2011 duk da cewa kwamitin Malam Adamu Ciroma ya tsayar da Atiku da sunan Arewa, sannan ya sake neman kujerar a 2015 bayan gwamnoni biyar sun riga sun sauya sheƙa zuwa APC tun 2013. Ya sha kaye a hannun Muhammadu Buhari, ko da yake dole a yaba masa da ya buga waya ya amince tun kafin a kammala sanar da sakamako.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne 2023. Bayan ɗan Arewa ya yi shekara takwas a kan mulki, PDP ta sake miƙa tuta ga Atiku, sai Nyesom Wike da gwamnoni huɗu suka juya masa baya. Atiku ya samu ƙuri'u kusan miliyan 7, Peter Obi sama da miliyan 6 a Labour, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi a NNPP, yayin da Bola Tinubu ya lashe zaɓen da ƙuri'un da ba su kai miliyan 9 ba. Dukkan waɗannan ukun da suka faɗi suna ƙarƙashin lemar PDP a 2019, Obi ma shi ne abokin takarar Atiku.

Na gode,
Mai karatunku daga Zariya