Zuwa ga Ministan Gidaje: kafin a ɗora talaka a hawa na biyar

Assalamu alaikum Yallaɓai Ahmed Musa Dangiwa, wanda aka naɗa Ministan Gidaje a 2023. Ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Na rubuto ne kan maganar benaye masu sauƙin kuɗi da ake ta yi mana albishir da su a birane. Ni dai ban ƙi ba, duk wanda ke tashi da asuba daga Mararaba ko Masaka ko Suleja don ya riski ofis a Abuja, ya sha cunkoso a gadar Nyanya, ya kashe rabin albashi a kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba sai an yi masa bayanin amfanin gida kusa da wurin aiki ba. Fili a cikin gari ya yi tsada, dole a hau sama. Wannan kam babu gardama.

Amma Yallaɓai kai masanin zanen gini ne, kuma ka riƙe bankin bada rancen gidaje na tarayya daga 2017 zuwa 2022, don haka ka fi ni sanin cewa gina bene shi ne mai sauƙin, riƙonsa ne aiki. A ƙasar nan mun iya yanka kyalle a buɗe gini a tafa, bayan shekara biyar kuma sai ka rasa wa ke da alhakin gyara famfo. A je Legas a ga rukunin gidajen da marigayi Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983, su Abesan da Iponri da Amuwo-Odofin, aikin alheri ne na gaske wanda har gobe ana yi masa addu'a a kai, amma wasu benayen yanzu bango ya tsage, ruwan bayi na bin jikin gini, kowa ya fasa inda ya ga dama ya ƙara ɗaki ko shago. Kuma fa waɗannan gajeru ne, ba sa buƙatar lifta. To ina ga mai hawa takwas ko goma?

A gidan ƙasa in ba a kawo wuta ba sai ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka sha iska, in ba ruwa ka kira ɗan garuwa. A hawa na shida rashin wuta yana nufin ba lifta, ba injin da zai tura ruwa tanki, bayi ba ya aiki, kuma wane ɗan garuwa ne zai hau maka da jarka har can a kuɗin da ka saba biya? Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zama fursuna kenan, mai naƙuda da tsakar dare kuma sai dai a ɗauko ta a hannu. Sai a ce ai akwai janareta, to wa zai sayi dizal? Nan ne ake shigo da sabis caji, wato kuɗin kula da gini da mazauna ke haɗawa, kuɗin da ba a faɗarsa ranar talla, mutum uku su biya bakwai su ƙi, a yanke wa kowa, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta har ta kai ga ofishin ƴan sanda.

Sannan akwai yadda muke rayuwa, musamman mu nan arewa. Magidanci mai mata biyu da yara tara, ga ƙanin da aka turo daga ƙauye karatu, ina zai zuba su a fulat mai ɗaki biyu? Ba zaure, baƙo namiji sai dai ya faɗo tsakiyar iyali. Gas ya yi tsada mata sun koma gawayi, kuma wallahi za a hura shi a baranda ko an hana, ga matakala guda ɗaya tal in gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye. Ina za a yi shanya, ina yara za su yi wasa, ina za a ɗaure ragon layya, in an yi rasuwa ina za a zauna karɓar gaisuwa? Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, su ke sa mutum ya karɓi makulli ya zuba ɗan haya ya koma unguwarsu.

Wanda ya kawo ni maganar kuɗi. A Fabrairun 2024 shugaban ƙasa ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, kuma a wannan shekarar ta 2024 daga ma'aikatarka muka ji cewa mai ɗaki ɗaya a wanda gwamnati ta gina da kuɗinta yana kamawa miliyan 8 zuwa 9, na haɗin gwiwa da ƴan kasuwa kuma wajen miliyan 22. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, a shekara 840,000. Ko mai arahar kenan sai mutum ya tara albashin kusan shekara goma bai ci ba bai sha ba. Na san za ka ce akwai asusun gidaje da ake cire mana kashi 2.5 na albashi tun dokar 1992, rance a kan ruwa kashi 6 har shekara 30. Yana da kyau a takarda, amma mai shayi da ɗan Keke da tela ba su da takardar albashi, da yawa kuma maganar ruwa ce ke hana su matsowa. Tsarin biya kamar haya har gida ya zama naka, da rance mara ruwa, su ya kamata a faɗaɗa a kuma yi ta shelarsu a rediyo da Hausa.

In ba haka ba mun san masu saye. Wani babba zai kwashi fulat goma da sunayen ƴaƴa da direbobi, ya miƙa wa ejan, ejan ya ce kuɗin shekara biyu a dunƙule ban da nasa kason da na lauya. Gidan da aka gina don talaka ya zama jarin mai kuɗi.

Shi ma ƙaramin mai son zuba jarin, irin ma'aikacin da ya karɓi garatuti ko ɗan uwanmu da ke turo kuɗi daga Saudiyya, yana cikin duhu. Bahaushe ya yarda da fili don fili ba ya tsufa, ka saya a bayan gari ka kewaye, gari ya zo ya same ka. Fulat kuwa darajarsa na hannun maƙwabtan da ba kai ka zaɓe su ba, in rufin sama ya fara yoyo ko sokawe ya cika aka ƙi gyarawa, kuɗinka ne ke narkewa. Kuma wace takarda zai riƙe? Takardar mallakar filin guda ɗaya ce, shi yana sama, in ginin ya tsufa aka ce a rushe mene ne rabonsa, in ya rasu magada za su raba me? Ga tsoron ingancin aikin kansa, ba mu manta benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe sama da mutum 40 ba, kuma wannan na masu hali ne ba na talaka ba.

Roƙona Yallaɓai, na talaka kar ya wuce hawa uku ko huɗu sai an tabbatar da wuta. A sa sola a kan burtsatse tun daga zane, a yi matakala biyu, a bar hawan ƙasa ga tsofaffi da masu lalura. A rubuta sabis caji da wanda zai riƙe shi cikin yarjejeniya kafin a karɓi ko sisi, kowane fulat da takardarsa da banki da kotu za su yarda da ita. A ɗaure rabon da lambar NIN, mutum ɗaya gida ɗaya, a hana sayarwa na wasu shekaru, sannan a wallafa sunayen waɗanda suka samu a Karsana mu gani da idonmu.

Allah Ya yi jagora, na gode.

Naka,
wani ɗan haya daga Mararaba