Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyarmu ta manoma, yankin Garwa a arewacin Kamaru

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Mun gode wa Allah da ya kawo mu ƙarshen kaka lafiya. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a madadinku.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya bana shi ne ƙarancin malaman gona. Mai noman auduga da sauƙinsa, domin kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa tun 1974, yana da ma'aikatansa a ƙauyuka, kuma yana ba da iri da taki da magani bashi, a cire ranar awo. Amma yawancinmu masara da gyaɗa da wake da albasa da masakwa (dawar rani) muke nomawa. Malamin gonar da ke kula da mu mutumin kirki ne, sai dai ƙauyukan da ke wuyansa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ga rashin man babur, ga hanya da ke yankewa in ruwa ya sauka. Takardun da yake kawowa kuma da Faransanci suke, alhali mu Hausa da Fillanci muke ji. Shi ya sa kwamiti ya yanke shawarar zuba masa mai daga asusu duk ranar da muka kira shi. Wasu sun yi ƙorafi cewa ba haƙƙinmu ba ne. Gaskiyarsu, amma tsutsa ba ta jira a gama gardama.

Tsutsar masara muke nufi, wadda aka fara gani a Afirka a 2016. A gonar gwaji malamin ya tara matasanmu da sassafe, ya buɗe zuciyar masara da yatsa, ya nuna musu kashinta mai kama da garin katako da ƙananan hudoji a ganye. Ya ce a riƙa zagaya gona tun shuka tana ƙarama, in za a yi feshi a yi da yamma, a sa bakin famfo cikin zuciyar. Waɗannan matasa su ne yanzu idonmu a unguwanni. Suna ɗaukar hoto su tura a WhatsApp, amsa ta zo da saƙon murya, wanda ko bai iya karatu ba zai ji. Sun hana mutane da dama sayen maganin da ake ɗurawa a kwalba ba suna a kasuwa.

Mun yi odar taki a dunƙule, an ɗan samu rangwame, ko da yake ya iso a makare.

Inda muka gaza shi ne wajen iyayenmu mata. Su ne masu wake da kuɓewa da ajiya, amma taro ɗaya tak muka yi musu, kan buhu mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba. Abin da ya taɓa mu shi ne, binciken da ya haifi wannan dabara a Marwa aka yi shi, nan kusa da mu, amma sai bana wasunsu suka fara ganin yadda ake matse iska a ɗaure kowace leda daban. Baɗi za a riƙa yi musu taro a cikin gida, da hantsi, kuma mace ce za ta jagoranta.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro bayan girbin masakwa. Waɗanda ake bi kuɗin wata su daure su biya kafin lokacin, domin daga nan ake sayen man babur ɗin.

Sakatare, a madadin kwamiti